Ku Tambayi Anti: Labaran gidanmu, ya ake tara su kuma wa ke da ikon watsa su?

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu akan abu ɗaya suka tsaya, labaran gida da na dangi, yadda za'a tattara su da kuma rigimar da ke biyo baya in an fitar da su waje. Na taƙaita wasu saboda wuri, sunaye kuma kamar kullum na cire.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki bani shawara. Kakata ta wajen uwa ta haura shekara 80 kuma ita kaɗai ta rage a sa'o'inta. Inaso in ɗauki tarihinta a waya amma duk sanda nace Kaka bani labarin rayuwarki sai tace ita wane labari gareta, ita da bata yi boko ba bata je ko'ina ba, sai ta kama wata hirar daban. Ya zanyi? Daga jikar Kaka.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kaka bata da laifi, tambayarki ce tayi faɗi. Ke kanki in na tsare ki yanzu nace bani labarin rayuwarki ai sai kinyi shiru kina neman bakin zaren. Kuma waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu wajen riƙe gida da rainon yara basa ɗaukar abinda suka yi a matsayin tarihi, su a wajensu tarihi na masu mulki ne da mayaƙa, shi yasa take ce miki wane labari gareta.

Ki daina ambatar kalmar tarihin ma gaba ɗaya, ki tambayeta ƙaramin abu wanda ido ke gani. Kaka ɗakin da kuke kwana kina yarinya ku nawa ne a ciki, wa ke fara tashi da safe? Wace ce ƙawarki ta farko, me ya raba ku? Wane laifi kika taɓa yi da har yau baki manta hukuncin da aka miki ba? Irin wannan ba'a amsa shi da eh ko a'a, kuma da ta fara siffanta ɗakin zaki ga mutanen cikinsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. In akwai tsohon hoto ko wani akwati da ta daɗe tana ajiye dashi ki ɗora mata a cinya kiyi shiru, shi zai yi miki rabin aikin. Sannan ki fi dannawa a shekarun ƙuruciya da budurci, masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa in dattijo ya waiwaya baya abinda yafi zubo masa shine abinda ya faru tsakanin yana shekara 10 zuwa 30, shi yasa zaki ga tsohuwa ta manta wanda ya zo gaisheta jiya amma tana kawo miki sunan maƙwabciyarsu ta shekara 70 da suka wuce har da tabon dake goshinta.

Batun waya kuma, ki cika mata caji, ki kashe layin kar kira ya katse ku ana tsakiyar daɗi, ki ajiyeta akan matashi kusa da Kaka kar ki riƙe a hannu, a kashe fanka da talabijin dan ƙararsu na cinye muryar tsoho. Ni nafi son ɗaukar murya akan bidiyo, da an nuna ma tsohuwa kyamara sai ta gyara zama ta gyara mayafi ta koma magana irin ta jawabi, hirar ta mutu kenan. Amma ki gaya mata kina ɗauka fa, kar ki mata satar murya. A farkon rikodin ki faɗi kwanan wata da sunanki da cikakken sunanta. Minti 30 zuwa 40 ya isa a zama ɗaya, ko ƙungiyar StoryCorps ta Amurka da aka kafa a 2003 dan wannan aikin takanas minti 40 take ba mutum biyu su zauna suyi hira, sannan a ajiye kwafi a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. In Kaka tayi shiru kar kiyi saurin cike wurin da wata tambaya, sau da yawa babbar maganar bayan shirun take zuwa.

Abu ɗaya da mutane basa kula dashi shine waye ke tambayar. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura marubuta suka ɗauki labaran tsofaffi sama da 2,300 waɗanda aka haifa cikin bauta, aiki ne mai daraja har yau ana amfani dashi, amma yawancin masu tambayar fararen fata ne, kuma masana tarihi sun nuna cewa da yawa cikin tsofaffin nan sun tauna maganarsu saboda wanda ke zaune gabansu. To haka ma a gida, akwai abinda Kaka zata faɗa ma jika tana dariya bazata taɓa faɗa ma 'yarta ba, akwai kuma wanda sai 'yar. Ki gwada zama ku biyu, wata rana kuma ki zo da mamanki ko innarki ki ga bambanci. Kuma 'yata kar ki ce sai an samu hutu ko sai kin sayi sabuwar waya, wadda ke hannunki ta isa, ki je satin nan.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ne adimin na guruf ɗin danginmu a WhatsApp, na kawo shawarar kowa ya faɗi abinda ya tuna game da marigayi kakanmu. Abu ya fara da daɗi, sai Baffa babba yace kakanmu da kansa ya ajiye aiki saboda yaƙi sa hannu a wata takardar zalunci, Baffa ƙarami yace ba haka bane korarsa aka yi kuma shi yana gida ranar da ya dawo. Yanzu ƙaramin ya fice daga guruf, 'ya'yansu ma sun ja daga. Waye mai gaskiya a cikinsu kuma ya zan gyara?

AMSA: Ƙanena ka ajiye rigar alƙali, ba taka bace. Abu mafi kusa da gaskiya shine babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abinda ke kansa yake faɗa tsakaninsa da Allah. Tunani ba ajiya bace da ake ɗaukowa yadda aka ajiyeta, duk sanda mutum ya tuno abu sake haɗa shi yake, abinda yaji daga baya da abinda yake so ya zama gaskiya duk su shiga ciki bai sani ba.

Bari in baka misali. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 7 suka mutu. Washegari wani masanin halayyar ɗan adam Ulric Neisser ya sa ɗaliban jami'ar Emory ta Amurka suka rubuta inda suke da wanda ya gaya musu da abinda suke yi lokacin da labarin ya iske su. Bayan sama da shekara biyu da rabi aka sake tambayar 44 daga cikinsu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu basu dace da komai ba a abinda su da kansu suka rubuta, kuma abin mamakin suna faɗa ne da cikakken tabbaci. Matasa kenan, shekara uku ma bata cika ba, to ina ga dattawa biyu dake tuno abinda ya faru suna yara, ɗaya ya ga uba ya shigo gida fuska a murtuke, ɗaya kuma yaji labarin daga bakin uban bayan ya huce. Kuma duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda, mutum yaƙi sa hannu a matsa masa lamba har ya tafi, wani ya kira shi murabus wani ya kira shi kora.

Inda aka yi kuskure shine wurin. Guruf na da 'yan kallo, dattijo kuma baya janye magana a gaban 'ya'yansa da 'ya'yan ɗan uwansa. Ka je wajen kowannensu daban, a gida ba a waya ba, ka fara da ƙaramin tunda shi yayi fushi, kace Baffa nazo ne in ji naka daga bakinka. Kar ka ce masa ai Baffa babba yace kaza, kar kuma ka saka masa kalma a baki, tun 1974 wata masaniyar halayyar ɗan adam Elizabeth Loftus ta nuna cewa yadda aka jefa tambaya kaɗai na canza abinda mutum zai tuna, an nuna ma mutane bidiyon hatsarin mota, waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi sun fi cewa sun ga fasasshen gilashi bayan mako guda alhali babu shi a bidiyon. Ka tambaya a buɗe, me ka gani ranar, wa ke gida, me Kaka tace. Sai ka ajiye labaran biyu gefe da gefe kowanne da sunan mai shi. In an samu takarda, wasiƙa ko katin aiki, zata taimaka wajen shekara da wuri, amma kar ka ɗauketa ka je kana kaɗa ma wani a fuska. Maido shi guruf kuma ka bar ma wata gwaggo da duk su biyun ke jin nauyinta.

TAMBAYA: Anti ina cikin ɓacin rai. Mahaifiyarmu ta rasu bara. Ƙanena ya je Facebook ya rubuta dogon labari akan wahalar da ta sha a gidan babanmu kafin su rabu da ciwon da tayi, har da hotonta akan gadon asibiti. Mutane sai yabonsa suke ana ta turawa, ni kuwa kunya kamar in nutse, Baba yana raye kuma yanzu baya ɗaga wayar kowa a cikinmu. Nace ya goge yace ai rayuwarsa ce shima yana da ikon faɗa. Ni ce na cika tsanani?

AMSA: Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta, ku kuma ya baku haƙuri. 'Yar uwa baki cika tsanani ba, amma zan gaya miki abinda bazaki so ji ba, ƙanenki yana da nasa rabon gaskiyar. Abinda ya gani yana yaro, tsoron da ya kwana dashi, kukan da yaji ta bayan ƙofa, wannan nasa ne babu mai ikon ce masa bai faru ba. Inda ya zarce shine labarin iyali ba na mutum ɗaya bane, duk wanda ke cikinsa yana da haƙƙi a ciki, na raye da na mace. Hoton nan na asibiti musamman, ba nasa bane sam. Matar da nake kyautata zaton ko baƙo bazata yarda ya ganta a wannan halin ba, an ɗauketa an kai gaban dubban mutanen da basu santa ba, kuma bata nan balle a tambayeta. Tambayar da ya kamata ya ma kansa kafin ya danna shine da tana raye na nuna mata wannan zata ce saka? Baba kuma an yanke masa hukunci a filin da bazai iya kare kansa ba, ko da abinda aka faɗa gaskiya ne.

Magana zarar bunu ce, a intanet kuwa abin yafi haka, ko ya goge yau akwai waɗanda suka riga suka ɗauki hoton rubutun suka ajiye. Ko manyan cibiyoyi basu iya riƙe sirrin labari in ya bar bakin mai shi. Jami'ar Boston College ta ɗauki hirarrakin tsofaffin mayaƙan rikicin Ireland ta Arewa daga 2001 zuwa 2006 akan alƙawarin baza'a buɗe ba sai bayan mutuwar mai magana, amma daga 2011 hukuma ta bi ta kotu ta nema, ƙarshe sai da aka miƙa wasu. To ina ga fostin da kowa ke gani.

Kar ki amsa masa a ƙarƙashin rubutun, kar ki kai shi guruf ɗin dangi ayi masa taron dangi, zai ƙara kafewa ne kawai. Ki same shi ku biyu. Fara da cewa kin karanta kuma kin san ba ƙarya yayi ba, wallahi sau da yawa mai irin wannan rubutun abinda yake nema kenan, wani na gida yace eh na gani nima ina wurin, da bai samu a gida ba shine ya je nema a waje. Bayan nan ki roƙi abu ɗaya tak a fara, ya cire hoton. In ya yarda sai azo batun sassan da suka shafi Baba. Ki bashi wata ƙofar, ya rubuta komai da komai ko ya faɗa a ɗauka a murya, ku 'ya'yanta ku ajiye a tsakaninku.

Ke ma kuma ki kula, rufin asiri ba shine ayi kamar Mama bata sha wuya ba. Jikokinta in sun girma sun cancanci su san wace irin mace ce da abinda ta jure, ba sunanta kaɗai ba. Kuma dan kar wani mai karatu ya fahimce ni a baibai, in labarin na wanda har yanzu yake cutar da wasu ne, yara ko mata, wannan ba'a rufe shi da sunan mutuncin gida, ana kai shi inda za'a tsayar da cutar. Naku ba haka bane. Wajen Baba kuma ki je da ƙafarki, kar ki tsaya jiran ya ɗaga waya.

TAMBAYA: Malama ni dattijo ne, shugaban ƙungiyar mazauna unguwarmu. Mun fara zama wata-wata dan tsofaffi su ba matasa labarin yadda unguwar take a da. Matsalar mutum uku ne ke cinye lokacin kullum da labarin bajintarsu, mata basa cewa uffan, matasa sun fara zamewa har wasu na cewa meye amfanin abin.

AMSA: Baba ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri, abinda kuka faro ba ƙarami bane. Matasan ba labari suke gudu ba, wa'azi suke gudu, da labarin da mai shi kullum shine gwarzo. Ka daina buɗe fili kace wa ke da magana, dan masu bakin nan uku ne zasu miƙe har abada. A sa ma kowane zama maudu'i ɗaya ƙarami, shekarar da ruwa ya shiga gidaje, ranar farko a makaranta, aikin farko da mutum yayi, yadda kowa ya tare a unguwar. Kowa minti 5, agogon kuma a ba yaro ya riƙe, ba mai jin haushin yaro in yace lokaci yayi. Mafi kyau ma a juya abin, matasa su zo da tambayoyinsu su zauna bibbiyu da dattawa, a ƙarshe matashin ne zai tashi ya maimaita abinda yaji, mai labarin na gyara masa. Mata kuma a basu nasu zaman 'yan mata su yi musu tambaya, zaka sha mamakin abinda suka riƙe, wa aka haifa a wane gida, wa ya taimaki wa a shekarar wahala, duk suna kansu. Kar a manta da baƙin da suka tare daga baya, su ma 'yan unguwa ne.

Masu cewa meye amfani, a farkon shekarun 2000 Marshall Duke da Robyn Fivush na jami'ar Emory sun shirya tambayoyi 20 suna gwada yara, kamar ka san inda iyayenka suka haɗu, ka san wata jarrabawa da ta taɓa samun gidanku. Yaran da suka fi sanin amsa sun fi yarda da kansu kuma damuwarsu tafi sauƙi. Su masu binciken sun ce ba haddar amsar bace ke aiki, zaman da ake yi ana ba da labarin ne. Duke ya kuma nuna cewa labarin da yafi ƙarfafa yaro shine mai hawa da sauka, mun samu mun rasa mun sake tashi. Dan haka Baba a zama na gaba kai ka fara, ka basu labarin wani abu da ka gwada bai yiwu ba.

TAMBAYA: Anti wayata ta faɗa ruwa, saƙonnin muryar marigayi babana duk sun tafi. Saura kaset guda biyu na muryarsa da tsofaffin hotuna a leda. Ya zan adana su kar su ma su bi?

AMSA: Allah sarki, sannu ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba. Kafin ki fidda rai ki duba ko WhatsApp ɗinki na ajiye kwafi a Google Drive ko iCloud, in yana yi zasu iya dawowa a sabuwar waya da layin nan naki, kuma kiyi da wuri dan WhatsApp kan goge asusun da ya kai kwana 120 ba'a taɓa shi ba. Ki tambayi 'yan uwa ma, duk wanda Baba ya taɓa tura ma saƙo ya turo miki.

Kaset zafi da danshi ne ke kashe shi, kar ki yi ta kunnawa a tsohuwar rediyo tana iya cinye zaren. A samu na'ura mai lafiya a gwada ta da wani kaset ɗin da ba'a damu dashi ba tukunna, sannan a jona ta da kwamfuta a kwafe muryar sau ɗaya, akwai manhaja kyauta Audacity da ke wannan aikin. In babu hali ko ajiye waya kusa da lasifika a ɗaki shiru yafi babu. Hotuna ki fitar dasu daga ledar nan, kar ki bari a like su da roba mai zafi dan ba'a iya warware shi daga baya, ki yi sikanin ko ki ɗauke su da waya a hasken rana ba tare da filashin kyamara ba. Bayan kowanne ki rubuta sunayen mutanen ciki da shekara da fensir, biro na huda takarda ya ɓata fuskar hoton, kuma kiyi wannan tun akwai babban da zai gane fuskokin. In zaki tura ma dangi ki tura a matsayin fayil ba hoto ba dan WhatsApp na rage ingancinsa.

Kwafi uku ake yi, ɗaya a kwamfuta ko memori, ɗaya a intanet, ɗaya a gidan wani ɗan uwa daban. Kar ki dogara da shafi ɗaya, a 2019 shafin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tun daga 2003 zuwa 2015 garin canjin ma'ajiya, Google ma tun ƙarshen 2023 yana iya goge asusun da yayi shekara 2 ba'a shiga ba. Ki riƙa buɗe fayilolin ko sau ɗaya ne a shekara ki tabbatar suna aiki, lambar sirrin kuma ki ba mutum ɗaya da kika yarda dashi.

Sauran saƙonnin sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.